Yadda Za Ka Saita Talabijin Rubutun Fassara Ya Fito Tas: Abin Da Na Koya Saboda Ƙanena

Yau ba sharhin fim na kawo muku ba, kuma babu labarin wani jarumi ko jaruma. Magana ce a kan rimot ɗin nan da ke yashe a kan kujera, wanda yawancinmu ba mu san komai a jikinsa ba sai ƙara murya da canza tasha. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, domin na tabbata a cikinku akwai wanda yake matse ido kullum don ya karanta fassarar da ke ƙasan fim, yana zagin masu fim, alhali matsalar tana cikin ɗakinsa.

Ni a Shinkafi nake. Ina da ƙane da ciwon sanƙarau ya taɓa wa ji tun yana ƙarami. Ya yi makaranta, yana karanta Hausa da Turanci, kuma duk gidanmu babu mai son kallo kamarsa. Mu muna jin abin da jarumai ke faɗa, shi kuwa rubutun Turancin nan da ake sakawa a ƙasan fim shi ne kunnensa. Idan rubutun bai fito ba, to fim ya zama mutane suna motsa baki kawai.

Da Yayanmu ya sayo mana filasma mai inci 32 muka ajiye tsohon talabijin mai ƙeya, kowa murna yake. Amma ba a yi sati biyu ba sai yaron nan ya daina zama da mu. Da an kunna Labarina sai ya tashi ya shige ɗaki da wayarsa. Inna ta ce, "Wai wanga yaro mi as same shi? Ko idon ma ya fara taɓuwa?" Na bi shi na tambaye shi, sai ya rubuta min a waya: "Layin ƙasa ba ya fitowa. Na sama kuma yana rawa." Hankalin Inna ya tashi, har aka fara lissafin kuɗin mota da na asibiti a kai shi Gusau a duba masa ido. Wanda ya san hanyoyinmu a 'yan shekarun nan ya san ba tafiya ce da ake yi don nishaɗi ba. Yaya kuma ya ce a mayar da talabijin ɗin a ƙara kuɗi a karɓo babba.

Ana cikin haka wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, wani abokina da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda ya biyo ta gidanmu. Ya kalli talabijin ɗin na ɗan lokaci, ya ce, "Wa ya saita muku wanga abu? Miƙo min rimot." Kafin a kira la'asar rubutu ya fito layi biyu cif, fari tas. Ba mu kashe ko kwabo ba a ranar. Daga baya ne muka sayi waya guda ɗaya. Tun daga lokacin na zama mai bin gidajen 'yan uwa ina taɓa musu rimot, kuma abin da na koya shi zan jera muku a nan, daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa.

Abu ɗaya kafin mu fara: wurin saitin talabijin da Turanci yake zuwa, don haka zan riƙa faɗin sunan kowane abu yadda aka rubuta shi a can, don ka gane shi idan ka gani. Sannan ka ɗauki hoton yadda saitinka yake da waya kafin ka taɓa komai. Idan ka rikice, akwai wurin da aka rubuta Reset a cikin saitin hoto, yana mayar da komai yadda ya fito daga kamfani.

Ka fara nemo wurin gwaji

Kada ka yi saiti a kan hoto mai tafiya. Nemi fim mai fassara, ka kai wurin da rubutu ya fito layi biyu, ka tsayar da shi. Zai fi kyau a ce bayan rubutun akwai abu mai haske, kamar farar shadda ko farin bango, domin a nan ne rubutu ya fi ɓacewa. Ka zauna a inda ka saba zama, kuma a lokacin da ka saba kallo. Wanda ya saita da rana tsaka ƙofa a buɗe, da dare zai ga haske ya yi masa yawa. Ka riƙa canza abu ɗaya ɗaya kana duba rubutun, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Na ɗaya: girman hoto, mai cinye layin ƙasa

Wannan shi ne ya fi cutar ƙanena. Tsofaffin fina-finanmu na zamanin kaset da faifai, irin su Sangaya da Wasila, an ɗauke su ne da siffar tsohon talabijin, wato 4:3, kusan murabba'i. Filasma kuwa mai faɗi ce, 16:9. Idan ka saka tsohon fim a filasma za ka ga baƙi a dama da hagu. Mutanenmu ba sa son wannan baƙin, gani suke kamar an rage musu talabijin, sai a danna Zoom don hoto ya cika. To Zoom ba ya ƙirƙiro hoto daga ko'ina, kumbura shi yake yi, sai sama da ƙasa su fita daga gilashi. Ina fassara take zama? A ƙasa. Mai shagon da ya sayar wa Yaya a kan Zoom ya bar mana shi, mu kuma ba mu sani ba.

Shiga Picture, ka nemi Aspect Ratio ko Picture Size. Ka cire shi daga Zoom ko Wide Zoom ko Cinema Zoom, ka mayar da shi 16:9 ko Original ko Auto.

Akwai kuma wani yankan na ɓoye da ake kira Overscan. Tun zamanin talabijin mai ƙeya ake da shi. A wancan lokaci gefen hoto yakan zo da datti da karkacewa, sai aka riƙa kumbura hoton kaɗan don gefen ya ɓuya. Har yau talabijin da yawa suna fitowa da wannan ɗabi'a, suna yanke 'yan kashi kaɗan a kowane gefe, yawanci bai wuce 5 cikin 100 ba. Kamar ba komai, amma ya isa ya aske wutsiyar haruffan layin ƙasa, ko ya cinye rabin sakamakon wasa da ke kusurwa idan ana kallon ƙwallo, ko rubutun labarai mai gudu a ƙasa. Kowane kamfani da sunan da yake kiran maganinsa. A LG ana ce masa Just Scan, a Samsung Screen Fit ko Fit to Screen, a Sony Full Pixel. A wasu kuma kai tsaye za ka ga Overscan, sai ka kashe. Sau da yawa wannan zaɓi ba ya buɗewa sai idan hoto ta wayar HDMI yake shigowa.

Kada ka manta dikoda ma tana da nata saitin. Ko StarTimes ce ko GOtv ko ta tauraron ɗan'adam ta kyauta da muke kama Arewa24 da ita, shiga saitinta ka tabbatar an zaɓi 16:9. Idan dikoda tana ganin tsohon talabijin gare ka alhali filasma ce, za ta matse hoto ko ta yanke shi tun kafin ya iso, kuma duk abin da ka taɓa a talabijin ba zai dawo da abin da aka riga aka yanke ba.

Na biyu: wayar da hoto ke bi

Leƙa bayan talabijin ɗinka. Idan abin da ya haɗa shi da dikoda ko na'urar faifai shi ne wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, to ka kama ɓarawo na biyu. Ja da fari murya suke ɗauka. Hoto gaba ɗayansa, da haskensa da kalarsa, a cikin ruwan ɗorawar nan guda ɗaya ake cusa shi, shi ya sa suke shiga juna. Idan ka matsa kusa za ka ga gefen haruffa yana ɗan rarrafe kamar tururuwa. Wannan ita ce rawar da ƙanena yake faɗa.

Ga lissafin. Hoto ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera. Najeriya tsarin PAL take bi, kuma iyakar abin da wayar mai kai uku ke kawowa shi ne layi 576 daga sama zuwa ƙasa. Ko faifan DVD mai kyau ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken hoton HD da ake kira 1080p kuwa 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye, jimla 2,073,600. Ninki biyar ke nan daidai. Fuskar mutum tana iya jure ƙarancin ɗigo, domin ƙwaƙwalwa tana cike gurbi, ko a hazo ka hango Ali Nuhu ka san shi ne. Harafi kuwa siririn layi ne, ɗigo kaɗan ya ɓace sai "e" ta koma "c" ko "o".

Idan dikodarka tana da ƙofar HDMI, sayi wayar HDMI ka canza. Ba sai mai tsada ba. A ɗan gajeren nisa irin na ɗaki, wayar da ke aiki daidai hoto iri ɗaya take bayarwa ko nawa aka saye ta. Bayan ka haɗa, shiga saitin dikoda wurin Resolution ka zaɓi 1080i ko 1080p ko 720p, domin wasu suna zama a kan 576 ko da an saka HDMI. Filasma mai inci 32 da yawa asalin ɗigonsu 1366 ne da 768, don haka ka gwada 720p ka gwada 1080, ka bar wanda rubutu ya fi kyau a idonka. Amma ka sani, idan tashar kanta ba da HD take watsawa ba, HDMI zai tsabtace gefen haruffa ne kawai, ba zai mayar da ita HD ba.

Na uku: yanayin hoto

A shago ana jera talabijin ashirin a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, kowanne yana son ya fi ɗan uwansa ɗaukar ido. Shi ya sa ake barinsu a kan Vivid ko Dynamic, wani lokaci ma a kan Store Mode, wato yanayin shago. Wannan yanayi yana ƙure haske, ya ƙure kala, ya ƙure kaifi. A ɗaki kuwa sai farin kaya ya riƙa ƙyalli, farin rubutu ya narke a cikinsa.

Shiga Picture Mode ka zaɓi Movie ko Cinema, ko kuma Standard idan ɗakin yana da haske sosai. Idan sabon talabijin ne za ka iya ganin Filmmaker Mode, wanda ƙungiyar UHD Alliance ta sanar a 2019 tare da goyon bayan manyan daraktocin Amurka, don fim ya fito yadda masu shi suka tsara. Da farko za ka ga kamar hoton ya yi ja-ja ko ya dushe. Ka ba idonka kwana biyu. Yaya sai da ya yi ta mita wai an kashe masa kala, yanzu kuwa idan ya shiga gidan da aka bari a Vivid shi ne mai cewa ido na masa zafi. Idan talabijin ɗin yana kan yanayin shago, a cikin General ko System za ka mayar da shi Home Mode, in ba haka ba wasu suna goge saitinka su koma yadda suke bayan ɗan lokaci.

Na huɗu: kaifin hoto, tarkon da kowa ke faɗawa

Duk wanda rubutu bai fito masa ba, wurin da yake fara zuwa shi ne Sharpness, ya ƙure shi zuwa 100. Ni ma haka na yi kafin abokina ya zo, kuma ni na ƙara ɓata lamarin. Sunan ne yake yaudara. Talabijin ba zai iya ƙaro wani abu da babu shi a cikin hoton ba. Abin da yake yi shi ne, duk inda haske ya haɗu da duhu sai ya zana ƙarin farin layi a gefe ɗaya da baƙi a ɗaya gefen, don ido ya ɗauka kaifi ne. Rubutu kuwa duk jikinsa gefe ne. Sai ka ga kowane harafi ya yi inuwa, haruffan da ke kusa da juna sun manne, "rn" ta zama "m", ƙananan ramukan cikin "a" da "e" sun toshe.

Yadda za ka yi: ka kai shi can ƙasa, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali kana kallon gefen haruffa. Da ka ga farar inuwa ta fara fitowa, koma baya kaɗan ka tsaya. A talabijin da yawa wurin da ya dace yana tsakanin 0 da 20 ne. Amma akwai waɗanda tsakiya, wato 50, shi ne babu ƙari babu ragi, idan ka sauka ƙasa da haka sai hoto ya fara laushi. Saboda haka kada ka kwafi lambar maƙwabcinka, idonka shi ne alƙali.

Na biyar: haske kala uku

A nan ma sunaye suna rikita mutane, domin abu uku ne daban-daban.

Backlight shi ne fitilar da ke bayan gilashin. Idan hoto ya yi maka duhu gaba ɗaya, shi za ka ƙara. Da rana a ɗaga, da dare a rage.

Brightness a yawancin talabijin aikinsa saita baƙi ne. Idan ka ƙara shi da yawa, baƙi ya koma toka-toka kamar an watsa wa hoto ƙurar hunturu. Fassara mai kyau tana da siririn baƙin layi kewaye da fararen haruffa, shi ne yake raba su da abin da ke bayansu. Da baƙin ya koma toka, rubutu ya rasa katanga. Yawanci tsakiya ya fi, wajen 50. Amma a wasu sababbin Samsung da Sony, Brightness shi ne fitilar baya, baƙin kuma an ba shi wani suna kamar Shadow Detail ko Black Level. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka ƙara sai ka ga baƙin da ke gefen hoto ya fara fari, to na baƙi ka taɓa.

Contrast shi ne mai saita fari. Idan ya yi yawa, duk abin da ke kusa da fari sai ya zama fari ɗaya, aikin da ke jikin farar babbar riga ya ɓace, rubutu ma ya bi shi. Ka rage har sai ka fara ganin lanƙwasar yadi da zaren aiki a farin kaya, sannan ka tsaya.

Kala ma a rage ta idan ta yi yawa, musamman ga masu kallon bidiyon waƙa. Masu haɗa bidiyo suna son rubuta sunan mawaƙi da na mai kiɗa da ja ko shuɗi ko ruwan gwal. A yadda ake matse bidiyo, bayanin kala ba ya kai na haske yawa, shi ya sa jan rubutu ya fi saurin yin dishi-dishi. Idan ka ƙure Colour kuma sai jan ya malalo waje kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda.

Na shida: kashe masu taimakon da ba a gayyace su ba

A cikin Advanced ko Expert Settings akwai wasu abubuwa da ake kunnawa tun daga kamfani.

Noise Reduction, ko DNR, ko MPEG Noise Reduction, aikinsu goge ƙura-ƙuran hoto. Matsalar ita ce ba sa bambance ƙura da siririn harafi, sai su shafe duka. Idan hoton mai kyau ne ka kashe. Idan tsohon fim ne mai yawan ƙura, ka bar shi a kan Low.

Dynamic Contrast da makamantansa suna canza haske da kansu gwargwadon abin da ke fuska. Idan ana wurin duhu sai fassara ta fito, talabijin ya ga fari ya ƙaru sai ya canza haske, rubutu ya tafi ya sake canzawa. Shi ne kake ganin hoto yana numfashi. Kashe shi.

Sai mai santsin motsi. LG suna kiransa TruMotion, Samsung Auto Motion Plus, Sony Motionflow. Fim ana ɗaukarsa ne hoto 24 ko 25 a daƙiƙa ɗaya. Wannan saiti yana ƙirƙiro hotunan ƙarya ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. To fassara a tsaye take, abin da ke bayanta kuma yana motsi, sai lissafin ya rikice, ka ga gefen rubutu yana yagewa duk lokacin da kyamara ta juya, musamman a wurin rawa ko faɗa a fim ɗin Indiya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A watan Disamba na 2018 Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sai da suka yi ɗan bidiyo suna roƙon mutane su kashe wannan saiti idan za su kalli fim. Wajen ƙwallo kana iya barinsa idan yana burge ka.

Na ƙarshe a nan shi ne Eco ko Energy Saving ko Power Saving. Yana rage fitilar baya don tattalin wuta, wani ma yana da ɗan ido da ke auna hasken ɗaki yana ragewa da kansa. Na san da yawanmu da sola da batir muke kallo, kuma tattalin yana da amfani. Shawarata ita ce ka kashe na atomatik ɗin, ka rage Backlight da hannunka zuwa inda rubutu ke karantuwa. Ta haka ka yi tattali kuma hoto ba zai riƙa dushewa yana dawowa ba.

Wani lokaci laifin fim ɗin ne

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, babu mai maganar YouTube. Memori da filash su ne suka riƙe mu, duk wanda ya je inda ake samun sabis ya dawo sai a yi ta turawa daga waya zuwa waya. Har yanzu ɗabi'ar tana nan, saboda tsadar data. Masu tura fina-finai kuma suna matse su don da yawa su shiga memori ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne, mu ne muke cewa a cika mana.

Fim ɗin da aka sauke a 360p ɗigo 640 ne da 360, jimla 230,400, wato kashi ɗaya cikin tara na 1080p. A waya yana da kyau saboda fuskarta ƙarama ce. Da ka saka shi a filasma sai a baje waɗannan 'yan ɗigon a faɗin gilashi, rubutu ya zama kamar an rubuta da gawayi an shafa. Tsohon faifan VCD ma ya fi haka ƙasa, 352 ne da 288. Babu saitin da zai gyara wannan. Idan fim mai fassara ne, ka ce wa mai turawa ya ba ka 720p, ko aƙalla 480p. Gara fim biyar da ake karantawa da goma sha biyar da ba a gani. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo kuma an sake matse shi, gara a turo shi a matsayin fayil. A YouTube kuma ka danna alamar saiti ka zaɓi Quality da kanka, domin idan sabis ya yi rauni yana saukar da kai ƙasa ba tare da ya tambaye ka ba.

Fassara iri biyu ce

Akwai wadda aka manne a jikin hoto tun wajen tace fim. Irinta ce a yawancin fina-finan Kannywood masu fassarar Turanci. Ba ta cirewa, ba ta ƙara girma, gyaranta shi ne duk abin da na lissafa a sama.

Akwai kuma wadda take zuwa daban, kamar wadda ake kunnawa da alamar CC a YouTube, ko ɗan fayil mai ƙarewa da srt da ke zuwa tare da fina-finan Koriya da na Turkiyya irin su Ertugrul. Wannan na'urarka ce take rubuta ta, don haka kana da iko a kanta. A YouTube akwai wurin canza girman haruffa da kalarsu da saka musu baƙin bango a baya. A VLC da MX Player ma haka. Fari ko ruwan ɗorawa a kan baƙin bango shi ya fi karantuwa. Idan ta filash za ka kalla, ka tabbatar sunan fayil ɗin fassara iri ɗaya ne da na fim ɗin kuma suna wuri ɗaya, sannan ka danna Subtitle a rimot.

Ga masu rubuta fassarar Hausa kuma, idan ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwati ko alamar tambaya, ka ajiye fayil ɗin da tsarin UTF-8. Idan duk da haka bai fito ba, to haruffan da ke cikin talabijin ɗin ne ba su da masu lanƙwasa, sai dai ka kunna ta waya ko kwamfuta ka haɗa da talabijin.

Ɗakin ma yana da nasa

Kada talabijin ya fuskanci ƙofa ko taga, domin hasken da ke dawowa daga gilashi yana kashe rubutu. Kada a rataye shi can kusa da silin, domin filasma masu araha suna dushewa idan ana kallonsu daga ƙasa ko daga gefe, mu kuma da yawa a tabarma muke zama. A sauke shi daidai ido ko a ɗan sunkuyar da shi. Inci 32 kusan santimita 81 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma mai karanta fassara zai fi jin daɗi idan bai wuce mita 2 ba. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi bayan an kashe shi. Kada a fesa ruwa a gilashi, kada a sa omo ko kananzir.

Idan ka yi duk wannan, kowa a ɗakin yana karantawa amma mutum ɗaya ba ya gani, ko kansa yana ciwo bayan kallo, to wannan kam a kai shi a duba ido, rimot ba ya maganinsa. Mu abin da ya kamata mu lura da shi tun farko shi ne ƙanena yana karanta ƙananan rubutu a waya lafiya lau, kuma da zai iya karanta allon talla daga nesa a kasuwa.

Yanzu ya dawo wurinsa na gaba, kusa da talabijin, rimot a hannunsa, kuma duk wanda ya taɓa Zoom sai sun yi rigima. Shi ne ma yake nuna mana inda masu fassara suka yi kuskuren Turanci yana dariya. A nan ina roƙon masu shirya fina-finanmu: ku riƙa ɗaga fassara sama kaɗan daga bakin hoto, ku sa mata baƙin gefe, kada ta wuce layi biyu, kuma ku bar ta ta ɗan jima kafin ta ɓace. Akwai masu kallonku da ita kaɗai suke jin ku.

Yau da dare kafin a fara shiri, ɗauki minti goma ka gwada: cire Zoom, fita daga Vivid, rage Sharpness, kashe masu taimako. Idan akwai dattijo ko mai matsalar ji a gidanku, a zaunar da shi a saita da idonsa.